Yadda 'Yan Sa Kai Za Su Farfaɗo da Tafkin Lambu a Lokacin Hunturu

Tafkin farko da na sa hannu wajen gyaransa, kashe shi muka yi. Mu wajen goma ne, kowa da zumuɗinsa. Muka kwashe ruwan tas, muka kankare taɓon har ƙasa, muka tumɓuke duk wata ciyawa, sannan muka jawo tiyo muka cika shi da ruwan famfo. Da yamma ya yi garau, kana hango tsakuwar da ke gindinsa. Wani dattijo da ya daɗe yana irin wannan aiki ya iso a makare, ya tsaya ya dubi ruwan, ya dube mu, ya ce, "Yara, gyara kuka yi ko sata?" A lokacin ba mu gane ba. Sai da ɗumi ya dawo, ruwan ya koma kore shar da gansakuka, babu kwaɗo ko ɗaya da ya zo ya yi ƙwai, sannan maganar ta shige mu. Garin neman gira mun rasa ido.

Don haka abin da zan fi nanatawa a nan shi ne taƙaitawa. Tafkin da aka yi sakaci da shi yana buƙatar hannu, amma rabin gwanintar aikin ita ce sanin abin da za a bari.

Me ya sa sai da sanyi?

Ina magana ne a kan wuraren da hunturu ke zuwa da sanyi na gaske, bishiyoyi su kaɗe ganye, wani lokaci saman ruwa ya daskare. A irin waɗannan wurare, bazara da damina lokacin hayayyafa ne: ƙwan kwaɗi na cikin ruwa, 'ya'yansu na yawo, tsuntsaye na kwance a sheƙa cikin duhuwar da ke bakin tafki. Duk wanda ya shiga da shebur a lokacin, ɓarna zai yi. Da sanyi kuwa ƙananan kwaɗi sun riga sun fita tudu, tsuntsaye sun gama kiwon 'ya'ya, ganye ya zube har kana iya ganin siffar tafkin yadda take.

Amma hunturun ma ba duka ɗaya ba ne. A arewacin duniya, lokaci mafi dacewa da shiga cikin ruwan shi ne ƙarshen kaka zuwa farkon hunturu, wato Oktoba da Nuwamba, kafin halittu su yi nisa a barcin sanyi. Disamba da Janairu sun fi dacewa da aikin gaɓa: sare rassa, share ƙaya, gyaran hanya. Daga Fabrairu a wurare da yawa kwaɗi sun fara dawowa, sai a janye ƙafa daga ruwan. A kudancin duniya sai a juya lissafin da wata shida.

Kada shirun tafki ya ruɗe ku. Ruwa ya fi nauyi ne idan sanyinsa ya kai kusan digiri 4, shi ya sa wannan ruwan yake kwanciya a ƙasa, ƙanƙara kuma ta yi iyo a sama. A can ƙasan akwai kwaɗin da suka lafe cikin ruɓaɓɓen ganye suna shaƙar iska ta fatarsu, akwai tsutsar mazari wadda kan shekara ɗaya ko biyu, wata ma fiye, a cikin ruwa kafin ta yi fiffike. Gida ne mai mutane kuke shirin shiga, barci kawai suke yi.

Mataki na ɗaya: zagaye kafin ranar aiki

Mako ɗaya ko biyu kafin ranar, mutum biyu su je su duba wurin, da littafi da waya da doguwar sanda. A nemi izinin mai lambun, a tambaye shi abubuwa huɗu: daga ina ruwan ke shigowa, ta ina yake fita, me aka shimfiɗa a gindin tafkin, sannan akwai wayar lantarki ko bututu a binne kusa? Tambaya ta uku tana da nauyi. Tafkin da aka daɓe da yumɓu daban, na siminti daban, wanda aka shimfiɗa wa ledar roba daban. Kan na roba, cokali mai yatsu na haƙa sau ɗaya zai huda shi, ku wayi gari kuna aikin da ba shi ya kawo ku ba.

Ku soka sandar a hankali wurare da dama don ku san zurfin ruwa da kaurin taɓo. Idan ta fito da baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ganye ya taru ya ruɓe ba tare da iska ba, wurin yana son ragi. Idan launin taɓon ruwan ƙasa ne, ba wari, kaurinsa bai wuce tafin hannu ba, ku ƙyale shi. Ku ɗauki hoto daga kusurwoyi huɗu, ku sa alama inda kuka tsaya, domin baɗi a ɗauka daga wuri guda a kwatanta.

A nan ne kuma ake tambayar doka. Wasu halittun ruwa suna da kariya ta musamman. A Birtaniya, alal misali, akwai wata halitta mai kama da ƙadangare da ke hayayyafa a ruwa, namijin yana da tukku a gadon baya, wadda dokar kare namun daji ta 1981 ta hana a kama ta ko a lalata mata mazauni. Kowace ƙasa da nata jerin. Idan ana zaton akwai irin wannan a tafkin, a tuntuɓi hukumar muhalli tun kafin a sa rana.

Mataki na biyu: kaya da mutane

Ga abin da ake buƙata: manjagara, shebur mai faɗin baki, bokitai da yawa (ba su taɓa yin yawa ba), baro, tamfol biyu ko uku, zarton hannu, babban almakashin yanke rassa, raga mai dogon mariƙi, farar roba mai faɗi ta duba ƙwari, igiya, da katako mai faɗi da za a shimfiɗa a gaɓa don kada ƙafafu su cakuɗa wurin. Kowa ya zo da takalmin roba mai tsawo da safar hannu wadda ruwa ba ya ratsa ta. A tanadi akwatin taimakon gaggawa, sabulu, ruwan wanke hannu, da abin sha mai zafi a fulas.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma hannu talatin a bakin ƙaramin tafki tattake shi za su yi. Mutum shida zuwa goma sun isa. Biyu a ruwa, biyu suna karɓar bokiti, biyu suna tantance abin da aka fitar, sauran suna kan rassa. A naɗa mutum ɗaya wanda ba zai riƙe kayan aiki ba, idonsa kawai a kan mutane da agogo.

Kafin a fara, a tara kowa a yi magana ta minti biyar a kan lafiya, ko da sun ji ta sau goma. Ruwan sanyi yana zuƙe ɗumin jiki da sauri fiye da iska, kuma idan zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35 ya shiga haɗari. Alamarsa karkarwa, harshe ya yi nauyi, hannu ya kasa riƙe abu. Masu shiga ruwa su riƙa canji duk minti ashirin zuwa talatin, kada a jira sai sun ce sun gaji, domin mai zuciya ba ya faɗa. Kada kowa ya shiga ruwa shi kaɗai, kada kowa ya taka ƙanƙara komai kaurinta a ido. Sai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a ruwa, wadda likitan Jamus Adolf Weil ya bayyana nau'inta mai tsanani a 1886. Tana shiga ta rauni ko ido ko baki. Duk mai ciwo a hannu ya rufe shi da filasta, a wanke hannu kafin a ci komai, kuma wanda ya ji zazzaɓi da ciwon jiki cikin makonni huɗu bayan aikin ya je asibiti ya faɗa musu ƙarara cewa ya shiga ruwan tafki. Wanda rigakafinsa na cutar sarƙe haƙora ya daɗe, ya sabunta.

Mataki na uku: a buɗe wa tafki ido

Tafkuna da yawa da suka mutu, inuwa da ganye ne suka kashe su. Ku fara da rassan da suka yi rumfa a kan ruwa, musamman ta ɓangaren da rana ke bi, wato kudu idan kuna arewacin duniya. Ba a sare duka ba. Ku buɗe kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku, ku bar wani gefen da inuwarsa, domin akwai halittun da ita suke so, kuma tana hana ruwan ɗumama fiye da kima. Bishiyoyin bakin ruwa masu saurin toho ana iya yanke su kusa da ƙasa, za su fito da sababbin rassa. Babbar bishiya, ko wadda ke da kogo, ba aikin 'yan sa kai ba ne. Ƙila jemagu na barci a ciki, kuma kayar da ita sai ƙwararre.

Kada ku ƙona abin da kuka sare. Zai yi amfani nan gaba kaɗan.

Mataki na huɗu: ciyawa da taɓo

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake ɓata shi.

Ku raba tafkin a ido gida uku, ku zaɓi kashi ɗaya, shi kaɗai za ku taɓa bana. Sauran biyun su ne bankin tafkin: ƙwai, iri, tsutsotsi, dodon koɗi, duk daga can za su bazu su cike inda kuka share. Baɗi a yi kashi na biyu. Na san wannan yana da wuyar haɗiya ga mutanen da suka sadaukar da ranar hutunsu, suna son su ga wuri ya yi fes kafin su tafi. Sai jagora ya daure ya hana.

A fara da ragar kwashe ganyen da ke iyo. Sannan ciyayi masu tsayi da ke tsirowa daga gefe suna cin tafkin, irin su kacalla da iwa: yanke su daga sama ba ya rage komai, sai an bi saiwar da ke rarrafe cikin taɓo an ciro ta da hannu. Idan bado ya cika wuri, a ɗago tushensa, a raba, a mayar da ɗan yanki. Abin da ake nema shi ne a samu fili a saman ruwa kusan rabi, sauran kuma ciyawa.

Taɓo kuwa da bokiti ake ɗibarsa, ko da shebur idan gindin ba roba ba ne. Ku tsaya da zarar kun ji ƙasa mai tauri. A tafkin yumɓu, wannan taurin shi ne abin da ke riƙe ruwan, wanda ya huda shi ya buɗe wa ruwa ƙofa. A bi a hankali, domin dama taɓo da ƙarfi yana sakin iska mai guba kuma yana cinye iskar da halittun ciki ke shaƙa.

Duk abin da aka fitar a zube shi kan tamfol dab da bakin ruwa. Masu tantancewa su durƙusa su bi shi da yatsu. Wannan ne sashen da na fi so, kuma shi ya fi dacewa da yara idan sun zo da iyayensu. Ka ɗaga dunƙulen saiwa baƙi ƙirin, ka ɗauka ba komai, sai ka ga wani abu mai launin taɓon ya motsa ƙafa shida a hankali: tsutsar mazari ce, mummuna kamar ba ita ce za ta zama mai fiffiken gilashin nan ba. Ka sa ta a farar roba da ɗan ruwan tafkin, can sai ga ƙwaron ruwa mai sheƙi ya bi ta da gudu. Idan aka ci karo da kwaɗo, za a same shi sanyi ƙalau, da ƙyar yake buɗe ido. Kada a kai shi wurin ɗumi don tausayi, tashinsa daga barci a wannan lokaci yana cinye kitsen da ya tara. A ɗauke shi da jiƙaƙƙen hannu a mayar da shi sashen da ba a taɓa ba.

Bayan an tantance, a bar tulin a bakin ruwa kwana ɗaya ko biyu don abin da ya saura ya rarrafa ya koma. Amma fa kada a dogara da wannan kaɗai, domin da sanyi halittu ba su da kuzarin tafiya, da yawa a nan za su daskare. Sannan lalle wani ya dawo ya kwashe tulin zuwa nesa, inda ake tara takin lambu. Idan aka bar shi, ruwan sama zai wanke duk abincin da ke cikinsa ya mayar tafki, aikinku ya zama ɗiban ruwa da kwando.

Akwai ciyawar da ba a yi mata wannan sassauci. Baƙin tsirrai masu mamaye ruwa, waɗanda aka kawo daga wata nahiya don ado, babbar annoba ce ga tafkuna. Wata mai tushe daga yankin Amazon, mai fure shuɗi-shuɗi, ta taɓa toshe gaɓoɓin Tafkin Biktoriya har jiragen masunta suka kasa fita. Wata ƙarama daga Ostareliya da Niyu Zilan tana sake tsirowa daga ɗan guntun da bai kai farce ba, tana cikin tsirran ruwa biyar da Ingila ta haramta sayarwa a 2014. Idan kun ga ciyawar da ta shimfiɗu kamar darduma ta danne komai, ku ɗauki hotonta ku tambayi masani kafin ku ja ta. In ta tabbata baƙuwa ce, a zuba ta a buhu a ɗaure, a zubar yadda hukumar yankin ta tsara, kada ta kusanci wani ruwa.

Mataki na biyar: gaɓa da yoyo

Mutane suna ɗauka zurfi ne darajar tafki. A'a. Yawancin rayuwar tana cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba. Idan tafkin mai gefe a tsaye ne kamar rijiya, ku gyara aƙalla gefe ɗaya ya zama gangare mai sauƙi, da duwatsu da tsakuwa, ko ku jingina katako mai kaushi, yadda bushiya ko tsuntsun da ya faɗa zai iya fita. Wuri ɗaya mai zurfin santimita 60 ya wadatar a tafkin lambu.

Idan ruwa na raguwa ba dalili a tafkin da aka shimfiɗa wa roba, ku bar shi ya sauka har ya tsaya da kansa. Inda ya tsaya, a wannan layin hujin yake, sai a bi shi da yatsa a zagaye. A wanke wurin, a busar, a liƙa faci. Gam ba ya kamawa da kyau cikin tsananin sanyi, roba kuma tana ƙagewa, don haka a jira rana mai sauƙi. In robar ta ruɓe gaba ɗaya sai sabuwa, ga lissafinta: tsawon tafki, a ƙara zurfi sau biyu, a ƙara santimita 60 na naɗewa a baki, haka ma faɗi. Tafki mai mita 4 da mita 3, zurfi santimita 60, zai ci roba mai mita 5.8 da mita 4.8. A tsince duwatsu masu kaifi, a shimfiɗa yashi kamar santimita 5 a ƙarƙashi. Canjin roba yana nufin kwashe tafkin duka, saboda haka a adana ruwan tsohon da ɗan taɓonsa da ciyayinsa a manyan robobi, a mayar da su bayan an gama.

Batun cikawa, ruwan sama ne kawai nake yarda da shi, kuma hunturu zai kawo shi kyauta. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, wanda kan tashi idan ruwan ya kwana biyu a buɗe, amma wasu wuraren suna amfani da nau'in da ba ya tashi. Sau da yawa kuma ruwan famfon yana da sinadaran da gansakuka ke ci ta yi ƙiba, irin waɗanda ke cikin takin zamani. Abin da ya mayar da tafkinmu na farko kore ke nan. Saboda wannan dalilin ne ma ake barin ciyawa mai tsawo, faɗin mita ɗaya ko biyu, kewaye da tafki, ba taki ba feshi, ta riƙa tace ruwan da ke gangarowa.

Mataki na shida: masaukin baƙi

Yanzu a koma kan rassan da aka sare. A 'yan taku daga tafkin, inda ruwa ba ya kwanciya, a haƙa ɗan rami mai zurfin rabin mita, a zuba gungume da duwatsu da fasassun bulo a sassauce yadda za a bar ramuka a tsakani, a rufe saman da ƙasa, a bar ƙofofi a gefe. Nan kwaɗi da 'yan uwansu za su yi barcin hunturu mai zuwa. Sauran rassan a jera su tsakanin turaku su zama shinge. Idan kun tarar da tsohon tulin itace ko ganye a wurin, kada ku ɗaga shi, da masu shi a ciki.

Kada a zuba kifi. Yana cinye 'ya'yan kwaɗi da tsutsotsi, wasu nau'o'in kuma suna dama taɓo. Kada a ɗebo ƙwan kwaɗi daga wani tafki, ta haka cututtukan da ke kashe su suke yaɗuwa. Dasa sababbin tsirran ruwa ma a bari sai ɗumi ya fara, kuma a zaɓi 'yan asalin yankin.

Kafin a watse, da bayan an watse

A ƙirga kayan aiki, a ƙirga mutane. A wanke takalma da raga da bokitai a nan wurin, a duba ƙasan takalmi don guntun ciyawa, a shanya su su bushe sarai aƙalla kwana biyu kafin su shiga wani ruwa. A ɗauki hotuna daga kusurwoyin nan huɗu, a rubuta wane kashi aka share da abin da aka gani a farar roba.

Ruwan zai kwana biyu a dame, wurin zai yi kama da inda shanu suka sha ruwa. Mai lambu zai iya ɓata rai, gara a gaya masa tun da wuri. Idan ƙanƙara ta rufe tafkin, kada a fasa ta da guduma, girgizar tana cutar da abin da ke ƙasa. In ana son buɗe ƙofa, a ɗora tukunyar ruwan zafi a kai har ta narka rami, a ɗaura mata igiya don kada ta nutse. Dusar ƙanƙara da ta kwanta a sama a share ta daga gaɓa iya inda tsintsiya ta kai, domin haske ya ratsa, ciyayin ƙasa su ci gaba da ba da iska.

A sa ranar dawowa tun kafin a rabu. Mu mukan zaɓi 2 ga Fabrairu, Ranar Dausayi ta Duniya, wadda ke tuna yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran a 1971, don tana da sauƙin tunawa. Ranar ba a zuwa da shebur. Tocila kawai ake riƙewa, a zo bayan faɗuwar rana, a tsaya a kan katako a haska gefen da ruwa bai da zurfi, a duba ko kwaɗin sun fara isowa.